Amsoshin Tambayoyinku: Yaran Filamenko, Daga Tsakar Gida Zuwa Dandamali

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau Sifaniya muka nufa, domin wasiƙu huɗu ne suka zo mana a kan abu guda, wato waƙa da rawar filamenko, da yadda yara ke koyonsu har su girma su ci abinci da su.

Wasiƙar farko daga Maraɗi take, wani ɗan'uwa tela ne ya aiko. Ya ce ya ga bidiyo a waya, wata yarinya da ba ta fi shekara goma ba tana buga ƙafa a kan katako kamar ana lugude, manya sun kewaye ta suna tafi. Tambayarsa ita ce, shin wannan abu gadonsa ake yi, ko makaranta ake shiga?

To Malam, duka biyun ne, amma gida ya riga makaranta da nisa. Filamenko ɗan kudancin Sifaniya ne, yankin Andalus da muke ji a littattafan tarihi. Kamar murhu yake, duwatsunsa uku: waƙa, rawa, da kiɗan jita. Waɗanda suka fi kowa rainonsa su ne al'ummar Gitano, mutanen da kakanninsu suka taso daga Indiya, suka shiga Sifaniya wajen shekarar 1425. Sun sha wuya a ƙasar nan ba kaɗan ba. A 1749 sarki ya sa aka kama dubbansu a lokaci guda, aka raba maza da mata. Duk wanda ya ji irin kukan da ke cikin muryar mawaƙin filamenko, ya tuna da wannan.

A garin Jerez, wanda mutanen can ke kira Heres, akwai unguwanni biyu, Santiago da San Miguel, inda yaro ke buɗe ido ya tarar da abin a tsakar gida. Ranar biki ko suna, a kafa da'ira, wannan na tafi, wancan na buga tebur da ƙashin yatsu, kaka ta ɗauko baiti. Sai a turo ƙaramin yaro tsakiya ya taka na ɗan lokaci, ya juya, ya koma wurinsa ana zuga shi. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce ga yadda ake yi, kunnensa ne ya sha tun yana goye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mawaƙin da ake ji da shi fiye da kowa a wannan zamani, Camarón de la Isla, haka ya tashi. An haife shi a San Fernando a 1950, babansa maƙeri, babarsa mai saƙar kwanduna, kuma dukansu suna waƙa. Tun yana ƙarami yake waƙa a gidajen abinci da tashoshi don a samu na cefane. Abokin aikinsa Paco de Lucía, wanda ba Gitano ba ne, shi kuwa babansa ne ya cire shi daga makaranta yana wajen shekara sha ɗaya, ya tsare shi da jita sa'o'i masu yawa kullum. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka gado hutu ne. Yaran nan talauci ne ya kora su aiki tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba, kuma duk daɗin abin da suka bari, ba na fatan wani yaro ya sake rasa karatu dominsa.

Yau an samu sauyi. A watan Nuwamban 2010 hukumar UNESCO ta sa filamenko cikin jerin al'adun gado na duniya, a 2023 kuma majalisar yankin Andalus ta kafa doka ta musamman a kansa, wadda ta tanadi koyar da shi a makarantun gwamnati.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙa ta biyu, daga wata malamar makaranta a Kumasi. Ta ce, idan makarantar ce, shekara nawa ake yi, kuma me ake koya wa mutum a rawa har ya ɗauki shekaru?

Malama, riƙe lissafi. A makarantun rawa na gwamnati yaro kan shiga yana ɗan shekara takwas. Ya yi huɗu a matakin farko, shida a matakin sana'a, inda zai iya zaɓar rawar filamenko ta zama fanninsa, sannan huɗu a matakin da ya yi daidai da digiri. Sha huɗu ke nan. Sai an ci jarrabawa ake hawa kowane mataki, kuma a shekarun farko da yamma ake zuwa, bayan an taso daga makarantar boko. Rocío Molina, 'yar garin Málaga da aka haifa a 1984, ta fara taka rawa tana shekara uku, ta kammala makarantar rawa ta Madrid tana sha bakwai, ta karɓi lambar yabo ta ƙasa a 2010 tana ashirin da shida. Sara Baras ita kuma a makarantar mahaifiyarta Concha ta fara, ga gida ga makaranta a wuri ɗaya.

Akwai kuma masu zaman kansu. A Sevilla akwai makarantar gidauniyar Cristina Heeren, wata Ba'amurkiya da ta kamu da son abin, tana koyar da waƙa da rawa da jita tun 1996. A Madrid akwai ɗakunan Amor de Dios, a saman kasuwar Antón Martín. Ƙasa ana cinikin kifi da kayan miya, sama ƙafafu na dukan katako tun safe har dare.

Abin da ake koya kuwa, tushensa awon kiɗa ne, wanda suke kira kompas. Bari mu gwada tare, duk inda kike. Za mu ƙirga sha biyu, amma ki yi tafi da ƙarfi a uku, shida, takwas, goma, da sha biyu kawai. Ɗaya, biyu, UKU, huɗu, biyar, SHIDA, bakwai, TAKWAS, tara, GOMA, sha ɗaya, SHA BIYU. Kin ji yadda ratar ta fara da uku-uku ta koma biyu-biyu? A kan wannan awo aka gina wasu nau'o'in filamenko: soleá mai nauyi da natsuwa, da alegrías ta garin Cádiz mai fara'a, da bulería mai gudu. Ɗalibi zai yi ta maimaitawa har ya daina ƙirgawa, abin ya zauna masa a jiki. Wanda ya fita daga awo, ko da muryarsa zuma ce, manya ba za su ɗaga kai su dube shi ba.

Takalmin mai rawa an jera masa ƙananan ƙusoshi a dunduniya da kan yatsu, an goge su sun yi sumul. Tafin ƙafa sautinsa daban, dunduniya daban, kan yatsu daban, ƙafar ta zama ganga. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, hannuwa na murzawa sannu a sama kamar ba su san abin da ƙafafu ke yi ba. Raba hankalin jiki biyu haka shi kaɗai yana cin shekaru. Mata kuma ga doguwar riga mai jela da ake shurawa da ƙafa, ga babban mayafi mai tuntaye, ga mafici, kowanne da darasinsa. Gwiwa da ƙugu da gadon baya suna biyan kuɗin wannan duka, ciwonsu abokin tafiyar masu sana'ar ne.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne zancen da ake yi ba da baki ba. Mai rawa na da wani taku da ake kira yamada, wato kira. Da shi take sanar da mawaƙi cewa ta shirya, ya shigo da baiti. Da ƙafa take ce wa mai jita ƙara sauri, da ƙafa take cewa a tsaya nan. Mutum uku da ba su taɓa haɗuwa ba sai su hau dandamali su yi aiki kamar sun kwana suna shiri. Malami zai iya nuna takun a gaban madubi, amma sanin lokacin yinsa sai an tsaya gaban mawaƙi mai numfashi, an yi kuskure an ji kunya. Shi ya sa wanda ya fito daga makaranta da takarda har yanzu yana bukatar tsakar gidan nan ta Jerez, ko abin da ya yi kama da ita.

Mawaƙa kuwa hanyarsu ta fi kama da abin da muka sani. Yadda yaron mawaƙi a wurinmu kan daɗe cikin 'yan amshi kafin ya ja waƙa da kansa, haka matashin mawaƙin filamenko kan fara da abin da suke kira waƙar baya: ya zauna a kujera bayan mai rawa, ya yi mata waƙa, ya bi ƙafarta. Nan yake koyon awo da haƙuri. Sai ya ƙoshi sannan ya matso gaba, shi da mai jita kaɗai, duk idanu a kansa. Da yawa sukan ƙare rayuwarsu a baya, kuma cikinsu akwai gwanayen da masu rawa ke rububinsu.

Wasiƙa ta uku gajera ce, daga wani ɗalibin jami'a a Kano. Ya ce, bayan duk wannan wahala, ana samun abin kai wa bakin salati kuwa?

Ɗan'uwa, kaɗan ne ke yin arziki, mafi yawa rufin asiri ne, shi ma ba kullum ba. Gonar yau da kullum ita ce tablao, wato gidan cin abinci mai ɗan dandamalin katako, inda ake wasa kowane dare, sau biyu ko uku, galibi gaban 'yan yawon buɗe ido. Corral de la Morería na Madrid tun 1956 yake. Camarón kansa shekara sha biyu ya yi yana aiki a wani tablao mai suna Torres Bermejas a birnin. Yawanci biyan dare ne, ranar da ba ka hau ba babu. Da annobar korona ta zo a 2020 baƙi suka ɗauke ƙafa, gidajen nan suka rufe, wasu irin su Casa Patas na Madrid suka sanar da rufewa gaba ɗaya. Matasan da suka ba da ƙuruciyarsu duka ga sana'ar suka wayi gari ba wurin taka ƙafa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin ƙasar da ke tallata kanta da hoton mai rawar filamenko ya kamata ta fi haka kula da masu rawar.

Aikin albashi akwai shi a rukunin rawa na ƙasa, Ballet Nacional de España, da aka kafa a 1978 ƙarƙashin Antonio Gades, da kuma na yankin Andalus, sai dai guraben ba su taka kara sun karya ba. Saura sukan haɗa da koyarwa, da yawon ƙasashe, da wasa a penya, wato zaurukan da masoya filamenko ke haɗa kuɗi su riƙe.

Ƙofar da ta fi saurin fitar da matashi ita ce gasa. Tun a 1922 aka ga haka a Garnaɗa, a gasar da mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubuci Federico García Lorca suka tsaya mata: cikin waɗanda suka ci kyauta akwai wani tsoho da ya haura saba'in, da wani yaro ɗan shekara sha biyu, Manolo Caracol, wanda ya zama babban mawaƙi daga baya. Ƙurɗuba, garin da Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ya samo sunansa, tana da tata gasar tun 1956. A La Unión kuma, garin masu haƙar ma'adinai a yankin Murcia, tun 1961 ake gasa, wadda yanzu kan kama watan Agusta, babbar kyautar waƙa ita ce Fitilar Mahaƙa. Wanda ya ɗauke ta, wayarsa ba ta sake yin shiru. Daga nan sai fatan a gayyace shi babban bikin Sevilla da ake yi duk shekara biyu tun 1980, ko na Jerez da aka fara a 1997.

Wasiƙa ta ƙarshe daga Njamena take, wata baiwar Allah ce ke tambaya ko wanda ba Gitano ba, ko ma ba ɗan Sifaniya ba, zai iya shiga a karɓe shi.

Hajiya, ana shiga. Miguel Poveda ba Gitano ba ne, ba ɗan Andalus ba ne, a Badalona kusa da Barcelona ya tashi yana sauraron faifai da rediyo, amma a 1993 yana ɗan shekara ashirin ya ci Fitilar Mahaƙa. Rosalía, wadda matasanmu da yawa suka sani, ta yi karatun waƙar filamenko a babbar makarantar kiɗa ta Kataloniya, inda ɗalibi ɗaya tak ake ɗauka a wannan fanni a shekara, kuma faifan da ya fito da ita duniya a 2018 aikinta ne na kammala karatu. Wasu 'yan Gitano sun yi ƙorafi a lokacin, suka ce ana ɗaukar kalmominsu da adonsu a yi suna da su, su kuwa ana ci gaba da yi musu kallon raini. A ganina ƙorafin na da tushe, kuma bai hana a yaba wa wanda ya zauna ya koya da gaske ba. Mai shiga gidan wani dai ya san masu gidan, ya ambaci sunansu.

Daga wajen Sifaniya kuwa, Japan ce abin mamaki. Makarantun filamenko sun yi yawa a can, masu rawa irin su Yoko Komatsubara da Shoji Kojima sun yi suna har a Sifaniya, kuma tun 1967 aka buɗe tablao a Tokyo, inda 'yan Sifaniya suka riƙa zuwa su yi watanni suna aiki su tara abin komawa gida. Rawa da jita sun fi sauƙin shiga ga baƙo. Waƙar ce mai wuya, don tana son harshen Andalus da lafazinsa, da irin karyewar murya da ba a rubuta ta a takarda. Mai niyya sai ya tanadi kuɗin zama a Sevilla ko Jerez, da takalmi mai ƙusa, ya kuma yarda cewa watannin farko tafi kawai za a bar shi ya yi.

Nan muka kawo ƙarshen filin na yau. Sauran wasiƙunku suna hannu, za mu ɗauko su a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.