Wa ya cire gindin ƙwaryar?

Jama'a, assalamu alaikum. Mu fara daga wata fada a nan Tawa, bayan sallar isha'i. Buta tana kan gawayi, shayi na farko ya fito, samari bakwai a kan tabarma, amma babu mai magana. Kowa ya sunkuya, babban yatsa yana ture fuskar waya sama. Tambayi ɗaya daga cikinsu me yake nema, zai ce maka ba komai. Kuma gaskiya ya faɗa. To me ya hana shi ajiye ta?

Wannan turawar da ba ta ƙarewa, wani ne ya ƙirƙiro ta. Sunansa Aza Raskin, Ba'amurke, a shekarar 2006. Kafin nan, in ka kai ƙarshen shafi sai ka danna ka buɗe na gaba, kuma a ɗan tsaikon nan ne mutum kan ce ya isa haka. Raskin ya ɗauki tsaikon a matsayin wahala, sai ya cire shi. Sauƙaƙawa ya nufa. Daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadama. Mai shan fura, in ya ga gindin ƙwarya ya san ya sha. Ita wannan ƙwaryar an cire mata gindi.

Irin su Raskin su ne masu tsara manhaja. Su ke yanke inda maɓalli zai zauna, launinsa, abin da zai fara bayyana, da abin da za a tura can ciki inda ido ba ya kaiwa. Aikinsu ya yi kama da na magini. Dubi zauren gidan Bahaushe: ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, don baƙo ya zauna a karrama shi ba tare da ya hango tsakar gida ba. Ba a rubuta "kada ka leƙa" a bango ba, ginin ne ya tsare mutuncin kowa. A ƙauyen Yama, cikin jihar nan tamu ta Tawa, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, kuma a 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, maginin ɗan garin ne. A cikin ginin yake salla. Da soro ya yi yoyo, a sahu ɗaya za a same shi a faɗa masa.

Wanda ya tsara abin da ke hannunka yana Kalifoniya ko Sin. Bai taɓa ganin fadarku ba, bai san nawa ka sayi forfe ba. A wajen aikinsa kuwa, abin da aka fi aunawa shi ne minti nawa ka zauna, domin da zamanka ake sayar da talla. Shugaban Netflix na lokacin, wato kamfanin nuna fina-finai ta intanet, Reed Hastings, ya faɗa a 2017 cewa barci ma abokin gasarsu ne. Daga wannan neman tsawaita zamanka ne jan ɗigon sanarwa ya samo asali, da bidiyon da ke kunna kansa kafin ka yanke shawara. Ko shuɗin alamar nan biyu da WhatsApp ya kawo a 2014, gidaje nawa ta haɗa faɗa? "Ka karanta ka yi shiru." Wani ne ya zauna a ofis ya yanke cewa a bar ta a kunne ga kowa, wanda bai so ya je ya nemo inda ake kashewa. Tristan Harris, wanda ya yi aiki a Google a kan ɗa'ar tsari, ya bar kamfanin, a 2018 shi da Raskin suka kafa cibiya don jan kunnen abokan sana'arsu a kan wannan.

Akwai wanda ya wuce jan hankali ya zama tarko. Wani Bature ɗan Ingila, Harry Brignull, ya raɗa wa irinsa suna a 2010, wato tsarin yaudara: shiga da dannawa ɗaya, fita sai ka sha wuya. Na gan shi a gidanmu. Gwaggona tana sayar da ƙosai, ba ta yi lakwal ba. Kullum ta sa kredi na dala ɗari, kafin kwana biyu ya narke, alhali kiranta bai wuce na gaisuwa ba. Da na duba, ashe wani saƙo ne ya faɗo mata da Faransanci, ta danna don ya kauce daga fuskar wayar, shi ke nan an sa ta cikin wata hidima da ake cire kuɗinta kullum. Ni da na iya karatu sai da na yi ta tambaya kafin na samo lambar fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wanda ya tsara saƙon ya san sarai su wa za su danna. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan tsari a manyan dandalin intanet, cikin dokar da ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024. A nan muna da ARCEP mai kula da harkar sadarwa, kuma a ganina ƙa'ida ɗaya za ta rage ɓarna mai yawa: duk hidimar da ake shiga da dannawa ɗaya, a fita da dannawa ɗaya.

Kada a ce duk aikinsu sharri ne. Saƙon murya da WhatsApp ya ƙara a 2013 ya buɗe wa iyayenmu ƙofar da boko ya rufe musu. Tsohuwa a Bouza ko Keita ta danna ta riƙe, ta yi magana da harshenta, ɗanta da ke ci-rani a Abijan ya ji muryarta. Haka kuma, bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya a 2018, kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar ga duniya a 2019. A 2020, lokacin korona, saƙon da ya riga ya yawata sosai aka mai da shi wuri ɗaya kacal, kuma kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ba wa'azi aka yi wa kowa ba. Ɗan tsaikon da Raskin ya cire, shi aka mayar. Tun da sun iya mayar da shi a nan, barinsa a cire a wasu wurare zaɓi ne, kuma alhakin zaɓin yana wuyansu.

Ku ƙannena da ke koyon wannan sana'a a Yamai da nan jami'ar Tawa, kuna da abin da na Kalifoniya ba shi da shi: masu amfani da aikinku maƙwabtanku ne. In kun gina manhajar tura kuɗi, ku nuna sunan mai karɓa kafin kuɗin su tafi, in da hali a ji shi da murya, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek. Ku tabbata ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna fitowa daidai, don ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne. Kafin ku sake ta, ku kai ta kasuwa ku miƙa wa mai sayar da albasa, ku yi shiru ku ga inda yatsansa zai tsaya yana shakka. Gyaran yana daidai wurin.

Masu kallo kuma, ga abu ɗaya da za ku iya yi yanzu. WhatsApp yana sauke wasu hotuna da fayiloli da kansa, da megarku. Ku shiga Paramètres, ku danna Stockage et données, ku nemo Téléchargement automatique des médias, ku cire alamar da ke gaban hoto da bidiyo da sauti. Wanda ya gama da tasa, ya karɓi ta mahaifiyarsa ya gyara mata.