Auta, gyara maratayin jitarka kafin ranar biki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga ɗakina nake magana a nan Hambug ta ƙasar Jamus, tun safe ake ruwa, sai ku yi haƙuri da ƙarancin haske. Mutanen Bauchi ina gaisuwa, na Yelwa, na Wunti, na Fadaman Mada, kowa da kowa.

Autanmu ne ya sa na kunna kyamara yau. Shekaranjiya ya turo mini saƙon murya. Jitar da na aika masa bara hannunsa ya faɗa da ita, sai dai duk a zaune ya koya, a kan benci a ƙofar gida. Yanzu abokinsa zai yi aure, an ce shi zai yi kiɗa wajen liyafa, kuma a tsaye. Ya ce, "Yaya, da na miƙe sai yatsuna su ƙi ni, wuyan hannuna ya yi ta zogi." Na ce ya turo hoto. Ina gani na gano matsalar: jitar tana can wajen cinyoyinsa tana reto. Auta, wannan bidiyon naka ne, amma na san akwai irinka da yawa.

Mu fara da ɗaurawa. Ku duba nan, bari in matso da ita. Jita mai lantarki tana zuwa da 'yan ƙarafa biyu masu kai kamar maɓalli, ɗaya a gindinta, ɗaya a sama kusa da inda wuya ya haɗu da jiki. Kowane bakin maratayi yana da huji a jikin fata. Za ka tura hujin ya shige kan ƙarfen gaba ɗaya, har ka ga fatar ta zauna a bayansa. Sabuwar fata takan yi tauri, ka murza ta da yatsa, amma kada ka sa reza ka faɗaɗa hujin. Hujin da ya shiga cikin sauƙi, haka zai fita cikin sauƙi. In kai na-dama ne, maratayin a kafaɗar hagu zai hau, ya bi ta bayanka ya sauko ta dama.

Taka kuwa, Auta, mai rami ce, wadda ba ta buƙatar wuta, kuma ƙarfe ɗaya gare ta a gindi. Ɗaya bakin da igiya ake ɗaure shi, irin ta takalmi ma ta isa in mai ƙwari ce. Ka zura ta ƙarƙashin tsirkiyoyi a can kan jitar, bayan ɗan farin ƙashin nan da tsirkiyoyi suke hawa, ka ƙulle sau biyu. Ka kula kada igiyar ta danne tsirkiya ko ta taɓa maɗaurin sauti. Ana iya huda katakon a dasa ƙarfe na biyu a dunduniyar wuya, wato inda wuyan jitar ya haɗu da jikinta, amma ban yarda ka yi da kanka ba. Wurin yakan tsage in ba a fara yin ɗan siririn rami ba kafin a murɗa ƙusa.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne, wato tsayi. Ka tuna masu kalangu a bikin gidanmu. Ka taɓa ganin wanda ya saki kalangunsa ya sauko ƙugu? A hammata yake zama, don a nan ne hannu zai iya matsa shi ya yi magana. Jita ma tana da mazauninta, kuma jikinka ya riga ya san wurin, tunda wata da watanni kana kaɗa ta a zaune. Don haka zauna yadda ka saba, ɗora ta a cinya, miƙe bayanka, sannan ka rage maratayin har ka ji ya ɗan ɗauki nauyinta. Yanzu tashi. Kun gani? Ko motsi ba ta yi ba, inda take ina zaune nan take ina tsaye. Yatsuna za su tarar da komai a inda suka bar shi.

Na san abin da ke jan samari su sake ta ƙasa, a bidiyon mawaƙan Turai da Amurka suke gani, kuma gaskiya yana da kyau a ido. Nima farkon zuwana na yi haka wajen wani taron 'yan Afirka, sai da na yi kwana uku ban iya riƙe kofin shayi da hagu ba. Dalilin a fili yake: in jita ta yi ƙasa, dole wuyan hannu ya lanƙwashe sosai kafin yatsu su kai tsirkiyar sama, jijiyoyi kuma suna aiki a matse. Ka tsaya gaban madubi. Wuyan hannunka ya kasance kusan a miƙe, kan jitar ya ɗan ɗaga sama, kafaɗarka a sake. In kana son saukar da ita, ka riƙa yi da kaɗan-kaɗan, santimita biyu ko uku, ka yi kwanaki a haka.

Faɗin maratayi ma yana da tasiri. Mafi yawa santimita 5 ne, kuma ya ishi jita mai rami, da ba ta cika wuce kilo 2 da ɗan abu ba. Amma jita mai lantarki irin wadda ake kira Les Paul takan kai kilo 4 har ta wuce, wannan sai mai faɗin santimita 7 ko 8, in ba haka ba zai ci maka kafaɗa. Na leda yana da santsi, musamman a kan shadda, kuma ranar biki na san shadda za ka sa. Sai ka ga kan jitar yana ta sunkuyawa, hannunka na hagu ya koma tallafe maimakon kiɗa. Fata mai kaushi a ciki ita ke kama riga. Ba sai ka jira ni in aiko ba, ka kai wa baduku a kasuwa tsohon maratayinka ya auna, ya yanka maka, ka ce ya ninka fatar wajen huji.

Saura tsaro. Akwai makullai na musamman da ke hana maratayi zamewa, kamfanonin Schaller da Dunlop duk suna yi, amma zoben roba irin na masu gyaran famfo yana aikin. In ka sa maratayin, sai ka tura robar a kan ƙarfen ta danne fatar. Sannan ka riƙa gwada ƙarfen da yatsa, musamman da hunturu, don iskar Bauchi tana busar da katako ƙusa ta saki. In mai murɗawa ce kuma tana juyawa ba ta kamawa, cire ta, sa tsinken ashana da ɗan gam na kafinta a ramin, ka mayar.

Auta, saura mako biyu. Daga yau kullum ka yi rabin awa a tsaye, cikin kayan da za ka sa ranar, har da hular. Ka ɗauki hoto daga gefe ka turo mini in ga wuyan hannun. Ka gaishe mini da Inna, ka ce zan kira ta bayan sallar isha'i.