Idan Hannu Ya Yi Kaɗan, Wa Ke Yi Wa Ɗan Sandan Ghana Magana?

Jama'a, assalamu alaikum. Wanda ya taɓa kai ƙara caji ofis da tsakar dare ya san amsar nan: "Babu wanda zai bi ka yanzu, ka dawo da safe." Sai ka fito kana tsaki. Amma dubi kantar da kyau. Mutum ɗaya ne a zaune, littafin rahoto a gabansa, makullin sel a ƙugunsa, waya na ƙara a gefe. In ya tashi ya bi ka unguwar Aboabo a Kumasi, wa zai tsare waɗanda ke kulle?

Bari mu yi lissafi. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, kuma Jihar Ashanti kaɗai ta haura miliyan 5.4. Ma'aunin da ake yawan ambata shi ne ɗan sanda ɗaya ga mutum 500. Da wannan ma'auni, ƙasar na bukatar sama da 61,000 tun wancan lokacin, kuma shugabannin 'yan sanda sun daɗe suna cewa ba a kai ba. Ko adadin da ke takarda ma yana ruɗi. Wurin gadi ɗaya da ake tsarewa dare da rana, a awa takwas-takwas, mutum uku yake ci, ba a sa mai hutu ko marar lafiya ba. Daga sauran kuma a cire masu gadin manya, masu rakiyar motocin kuɗin banki, masu tsayuwa a kotu, waɗanda aka tura Bawku saboda rikicin garin, da masu aikin wanzar da zaman lafiya a Sudan ta Kudu. Abin da ya rage shi ke sintiri tsakanin kasuwar Kejetia da unguwar Sawaba.

A wasu ƙasashe, ƙananan 'yan sanda na da ƙungiyar da ke ɗaga murya kan wannan. A Ingila, bayan yajin aikin 'yan sanda na 1918 da 1919, gwamnati ta haramta musu yaji, amma ta kafa musu tarayyar da ke magana da yawunsu har gobe, tana fitowa a jarida ta ce ma'aikata sun yi kaɗan, mutanenmu sun gaji. A Amurka akwai Fraternal Order of Police tun 1915. A Afirka ta Kudu akwai POPCRU tun 1989. Ba waliyyai ba ne waɗannan ƙungiyoyi. An sha zargin wasunsu da rufa asirin ɗan'uwa ko da ya yi ɓarna. Amma maganar ƙarancin hannu, su ke hana ta kwanciya.

A Ghana abin ya sha bamban. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, tun daga sashenta na farko ta cire sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan gidan yari da jami'an leƙen asiri. Malamin makaranta na da ƙungiyar malamai ta GNAT, likita na da ƙungiyarsa, kowa in ya ji matsi sai ya kira 'yan jarida. Kofur kuwa ba shi da wannan. In ya yi kwana da kwanaki yana aikin mutum biyu, kukansa sai ya bi ta kan na gaba da shi, daga shugaban ofis zuwa kwamandan gunduma, zuwa na jiha, har hedikwata a Accra. Kun san yadda magana ke laushi in tana hawa bene. Abin da ya fara da "mun mutu" yakan isa sama a matsayin "akwai ɗan ƙalubale."

Akwai dai wata ƙofa, ko da yake ƙarama ce. Kundin Tsarin Mulki na 1992, sashe na 201, ya kafa Majalisar 'Yan Sanda, wadda ke ba shugaban ƙasa shawara kan tsaron cikin gida, har da kasafin kuɗin rundunar. A cikinta akwai kujerar ƙungiyar manyan jami'ai masu ritaya, da kujeru biyu na masu aiki, ɗaya dole ya zama ƙaramin jami'i. Sai dai shugaban ƙasa ne ke naɗa su biyun, ba 'yan'uwansu ke zaɓa ba. Shi ya sa galibi tsofaffin da suka ajiye kaki suka fi sakin baki. Ba wanda zai yi musu canjin wurin aiki.

Ko an yarda a ƙara mutane, ba a rana ɗaya ake yi ba. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin biyan albashi, sannan a buɗe ɗauka, a kai matasa makarantun horo irin na Tesano da Kumasi da Pwalugu su yi watanni. Su fito kuma a nema musu ɗaki a bariki. A gefe guda, duk shekara wasu na cika 60 suna tafiya.

Mu a Zongo muna da wani abin da za mu ƙara. A watan Yulin 2018 'yan sanda sun harbe matasa bakwai daga unguwanninmu a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami shaidar hakan ba, aka dakatar da jami'ai 21. Allah ya jiƙansu. Don haka in muna neman ƙari, ba motar da za ta shigo da gudu ta kwashi samari ta fita muke nema ba. Muna son wanda zai zauna ya san mai shayi da limamin layi, ya ji Hausa, ya bambance ɗan pragiya (mai tuƙa babur mai ƙafa uku) mai neman abinci da mai ƙwace waya. Irin wannan aikin lokaci yake ci, kuma ofishin da ba shi da isassun mutane ba ya da lokacin.

Tunda bakin ɗan sanda a ɗaure yake, namu a buɗe yake. Sashe na 204 ya tanadi kwamitin 'yan sanda a kowace jiha, kuma kowace gunduma na da wakilin da majalisarta ke turawa. Mutanen Asawase da Aboabo, taku ita ce majalisar Asokore Mampong. In asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisar, ya kira taro, ko Sarkin Zongo ya tara jama'a, ku tambaya a fili: mutum nawa aka rubuta wa ofishinmu, nawa ke nan a zahiri, nawa ke kwana a bakin aiki, kuma wane ne wakilinmu a wancan kwamiti?