Amsoshin Tambayoyinku: Sojojin Sa-kai na Hong Kong da Dokarsu

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga Damagaram ta fito. Mai sauraronmu ya ce ya ji labarin wata rundunar sojojin sa-kai da Turawan Ingila suka kafa a Hong Kong, tsibirin da suka mulka a gaɓar kudancin ƙasar Sin, kuma an sha yi wa dokarta gyara. Yana tambaya: tunda mutum da kansa ya shiga, me ya kawo doka, balle gyare-gyare?

To malam, ai ɗan sa-kai farar hula ne. Da rana yana ofis ko kantinsa, da yamma ko ƙarshen mako ya sa kaki ya tafi fareti. Doka ce kaɗai ke faɗin ranar da gwamna zai iya kiransa, da lokacin da hukuncin soja ya hau kansa, da abin da za a ba iyalinsa in ya rasu a bakin daga. Duk sa'ad da tsoro ya ƙaru, sai gwamnati ta koma Majalisar Dokokin yankin neman ƙarin iko.

An fara kafa rundunar a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya da Birtaniya da ƙawayenta suka yi da Rasha, da ƙarfin sojan Birtaniya ya ragu a tsibirin. Turawa 99 ne suka fara shiga. Ba ta daɗe ba ta watse, aka tashe ta a 1862, ta sake mutuwa a 1866, sai a 1878 ta dawo ta zauna.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne yadda sa-kan ya riƙa komawa tilas. A 1917, ana tsakar yaƙin duniya na farko, aka yi dokar da ta wajabta wa mazan Birtaniya mazauna can yin aikin soja. An sake yin haka a 1939, haka kuma a 1951. Wato dai sunan na sa-kai ne, amma in ka ƙi zuwa, doka na jiranka.

Kada kuma a ɗauka sojan fareti ne kawai. Da Japan ta auka wa Hong Kong ranar 8 ga Disamba 1941, sun fafata sosai har zuwa ranar Kirsimeti da aka miƙa wuya. An kashe da yawa, wasu suka yi shekaru a sansanin fursunonin yaƙi.

Bayan yaƙi, a 1949 aka sake fasalin rundunar, aka haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama a inuwa ɗaya. A 1970 kuma aka raba sojan ƙasa da na sama. Daga baya aikinsu ya koma sintirin kan iyaka da taimako lokacin ambaliya da guguwa, kuma 'yan asalin Sin ne suka fi yawa a cikinta. An rusa ta a watan Satumba 1995, gabanin miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin ranar 1 ga Yuli 1997.

Da fatan mai sauraronmu na Damagaram ya gamsu. Sai wasiƙa ta gaba.