Na'urar CT a filin jirgi: wa ke da ikon cire dokar mililita 100?

Dubi jakar nan da ke shiga na'ura. Akwai kwamfuta a ciki, da kwalbar turare, da gorar ruwa, kuma ba wanda ya ce a fito da su.

Da ba haka ake yi ba. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada, da abin fashewa na ruwa da aka ɓoye cikin kwalaben lemo. Daga nan aka kafa doka: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, a haɗa su cikin leda mai ɗaukar lita ɗaya. Dalili kuwa, tsohuwar na'ura hoto take ɗauka daga gefe ɗaya ko biyu, ba ta iya bambance ruwan sha da mai haɗari.

Sabuwar na'urar, wadda ake kira CT, irin ta hoton asibiti ce. Tana zagaye jakar, ta ɗauki ɗaruruwan hotuna, ta haɗa su, har jami'i ya riƙa juya jakar a kan allo. Manhajar da ke ciki ita ke auna kaurin kowane abu, ta ja masa layi idan ya yi kama da abin fashewa.

To, a nan aikin ya rabu gida uku. Kamfanoni irin su Smiths Detection da Leidos su ke ƙerawa. Filin jirgi shi ke biyan kuɗi. Amma amincewa tana hannun gwamnati. A Turai, hukumar ECAC, wadda ta haɗa hukumomin sufurin jiragen sama na ƙasashen nahiyar, ke sa a gwada na'ura da manhajarta tare, kuma sai wadda ta kai matakin C3 ake yarda a bar kwamfuta da ruwa cikin jaka. In aka sauya manhaja, sai an sake gwaji.

A Disambar 2022 gwamnatin Birtaniya ta ba manyan filaye wa'adin kafa sababbin na'urorin zuwa Yunin 2024. Manya irin su Heathrow da Gatwick suka kasa cikawa. Na'urorin suna da nauyi, wasu wuraren sai da aka ƙarfafa daɓe, layin kuma yana cin fili, ga jinkirin kawo kaya daga masana'anta. Ƙungiyar filayen jirgin Turai, ACI Europe, ta ce farashinsu ya ninka na tsofaffin kusan sau takwas.

Waɗanda suka yi sauri su suka fi jin jiki. Filin jirgin London City ya cire dokar mililita 100 tun Afrilun 2023, sai ga gwamnati ta maido da ita a Yunin 2024, Tarayyar Turai ta bi sahu ranar 1 ga Satumba, saboda shakku kan yadda manhajar ke tantance manyan kwalabe. Wannan kuskuren tsari ne: an sa filaye kashe kuɗi, daga baya aka maido da dokar. Sai a Yulin 2025 filayen Edinburgh da Birmingham suka samu izinin barin kwalbar ruwa mai ɗaukar har lita 2.

Saboda haka, in za ka canza jirgi a hanya, bi dokar filin da ya fi tsanani. Fulas ɗin ƙarfe mai bango biyu kuma, juye shi kafin ka shiga layi, don na'urar ba ta ganin cikinsa sosai.