Faɗuwar gaba: satin farko na shan magani shi ne mai wuya

Sani: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Samaru, Sani ne, ga Hauwa, yau kuma Anti Rabi ta samu ta leƙo mu, ma'aikaciyar jinya ce. Hauwa ce ta ce lallai sai an yi maganar nan ta ciwon fargaba da maganinsa, toh bismillah.

Hauwa: Yaya Sani ni a cikin keke abin ya fara min, daga Kwangila zan je Kongo, haka kawai ƙirjina ya hau bugawa kamar ana daka, tafin hannuna ya jiƙe, numfashi ya ƙi isata, wallahi na fara kalmar shahada don na ɗauka tafiyar kenan. Kamar minti goma ya lafa. Amma abin da ya biyo baya ya fi muni, kullum ina cikin zullumin yaushe zai dawo, na daina hawa keke, na daina zuwa lacca, dare ya yi ido biyu. A gida aka ce shafar aljanu ce aka yi ruƙiyya, wata kuma ta ce min ai rashin tawakkali ne, wannan kalmar ta fi ciwon yi min zafi.

Anti Rabi: Sannu ƙanwata. Addu'a ai ba a barinta, amma wanda ya karye ana masa addu'a kuma ana kai shi wajen mai ɗori. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba.

Hauwa: Toh kafin in je asibiti wani mai kemis ya ba ni wata ƴar ƙwaya, na sha na yi barci kamar an sauke min dutse, sai na koma kullum.

Anti Rabi: Diazepam ko Lexotan, na sani tun kafin ki faɗa. Nan fa nake so a tsaya a saurara. Waɗannan cikin awa ɗaya za ka ji sanyi, shi ya sa mutane suke son su, amma cikin ƴan makonni jiki yake sabawa, ɗaya ta daina isa sai biyu, ranar da ka rasa kuma fargabar ta dawo ta ninka, wanda ya daɗe a kai in ya yanke lokaci ɗaya har jijjiga yana iya yi. Likita ma in ya rubuta su na ɗan lokaci ne, sati biyu zuwa huɗu. Maganin da ake ɗora mutum a kai irin su sertraline ne da fluoxetine, su kuma ba sa gaggawa, sai sati huɗu zuwa shida kafin su kama sosai, kuma a satin farko wani sai ya ji tashin zuciya, ciwon kai, har faɗuwar gaban ta ɗan ƙaru, toh a nan mutanenmu suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba.

Hauwa: Ni ma saura kaɗan Anti, rana ta biyar na ce na gama.

Sani: Me ya hana ki?

Hauwa: Mutane. Mu huɗu ne a wani ɗan gurup na WhatsApp, a layin ganin likita muka haɗu, na rubuta musu ƙarfe biyun dare, wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta kira ni a take ta ce ita ma haka ta yi, in daure in kira likitana da safe. Ba ta yi min wa'azi ba, ta dai zauna a waya har na yi barci. Dokarmu ɗaya ce, ba mai ba wani shawarar ƙwaya, ko iri ɗaya muke sha.

Sani: Anti ni abin da ban gane ba shi ne wannan maganin da ake cewa na zama da masani a yi magana, ai mu ma muna hira a majalisa kullum.

Anti Rabi: Sani ba hira ba ce, aiki ne har da na gida ake ba ka. CBT ake ce masa, masanin halayyar ɗan Adam zai sa ka rubuta tunanin da ya zo maka lokacin, misali zuciyata za ta tsaya, sai ku duba tare sau nawa ta buga haka kuma ba ta tsaya ba. Sannan a mayar da kai wajen abin da kake gudu a hankali.

Hauwa: Ni daga bakin get ɗin makaranta zuwa kasuwar Samaru aka fara min da keke, ina jan numfashi a hankali ina fitarwa, sai Kwangila, sai PZ. Ranar da na isa Kongo ni kaɗai kuka na yi.

Anti Rabi: Masha Allah. Kuma kafin komai a bari a duba jini da zuciya, don ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafin aiki yana kawo irin wannan bugun. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, zuwa can ba ya nufin hauka. In an samu sauƙi ma ana ci gaba da magani watanni, likita ne zai rage shi da kaɗan kaɗan. Wanda kuma ya fara tunanin cutar da kansa kar ya jira ranar asibiti, a kai shi a ranar.

Sani: Ni maza nake ji wallahi. Akwai abokina da yake kwana bai runtsa ba, da safe Nescafe biyu da goro, da yamma lemon ƙara kuzari, kuma ko a majalisa ba zai taɓa cewa gabana na faɗuwa ba, sai dai ya ce malariya ce.

Anti Rabi: Duk ukun nan ƙara bugun suke yi. Kar ka tare shi cikin mutane, ka same shi shi kaɗai ka ce za ka raka shi.

Sani: Yau bayan isha'i zan je wajensa in sha Allah. Hauwa yaushe za ki koma?

Hauwa: Laraba, kuma a keke zan je har Shika.