Wai rabin gwangwanin feshi iska ce? Mu leƙa ciki

[Hannu yana girgiza gwangwanin turare kusa da kunne]

Kun ji wannan ƙarar? Ita ce ta tayar da ƙura a 'yan kwanakin nan. Wani ya ɗauki sabon gwangwanin turare, ya girgiza shi a gaban kyamara, ya ce ku saurara da kyau, ko rabi bai kai ba, iska kawai ake sayar mana. Wani kuma ya fi shi zafin kai. Ƙusa da guduma ya samo, ya huda nasa, gas ya taso masa a fuska, da ya gama tari ya juye ɗan ruwan da ya rage a kofi, ya ce to ga abin da kuka saya. Tun daga nan saƙonninku ba su tsaya ba, kowa yana tambaya ko gaskiya ne.

Tun ba mu yi nisa ba, don Allah kada wanda ya gwada ta ƙusar nan. Allah ne ya tsare bawan nan babu wuta a kusa.

[Cikin masana'anta, injina suna gudu]

Ƙera gwangwanin ba zai ci mana lokaci ba. Iri biyu ne suka fi yawa. Na alminiyam daga wannan ɗan faifan mai kauri yake farawa. A jefa shi cikin rami, sandar ƙarfe ta sauko ta doke shi sau ɗaya, alminiyam ɗin ya rasa wurin gudu sai sama, ya haura jikin sandar ya zama dogon kofi. Mun rage gudun hoton ne, in ba haka ba ƙiftawar ido kawai za ku gani. Babu walda, babu haɗi ko ɗaya. Sai a datse bakin, a wanke, a shafe cikin da wani siririn fenti don kada kayan da za a zuba su ci ƙarfen, a buga zane a jiki, sannan a yi ta matse wuyan kaɗan-kaɗan, inji bayan inji, har kafaɗar nan ta fito.

Na ƙarfe kuwa gida uku ne. Falle mai rufin kuza, a naɗe shi a yi masa walda, a ɗaure masa gindi da kai. Ku shafa gefen gwangwanin fenti ko na maganin sauro, za ku ji layin waldar. Bakin kuma, a galibinsu, faɗinsa ɗaya ne: inci ɗaya, wato milimita 25.4, don bawul ɗin kowane kamfani, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa in an danna, ya zauna a kan gwangwanin kowane kamfani.

Ga su a jere. Ana zuba turaren ta buɗaɗɗen baki, ana ɗora bawul da dogon bututunsa, inji ya danne shi gam. Har yanzu ko kun danna, babu abin da zai fito. Saura abu ɗaya, kuma a kansa mai ƙusa ya ɓata hanya.

[Layin gwangwanaye yana shiga wani keɓaɓɓen ɗaki]

Wannan ɗakin da gangan aka ware shi daga sauran masana'antar, saboda abin da ke ciki yana kama wuta. A nan ake ɗura gas, kuma sau da yawa ta cikin bawul ɗin ake tura shi, ta ƙofar da zai fito daga baya. Mafi yawanmu mun ɗauka kamar taya ake hura gwangwanin, a cusa masa iska ta zauna a sama tana danna turare. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Ashe a yawancin gwangwanayen, gas ɗin nan a matsayin ruwa yake shiga, kuma a ruwa yake zama.

[Laita mai jikin roba, ana karkata ta]

Ku dubi wannan laitar. Ruwan da ke yawo a ciki ai gas ne, sunansa butan, ɗaya daga cikin waɗanda ke cikin tukunyar gas ta girki. Ruwan sha sai ya kai digiri 100 a ma'aunin salshiyas yake tafasa. Shi butan tun a wajen digiri sifili yake tafasa, wato a sanyin da ruwa ke zama ƙanƙara. Kun ga ke nan a zafin ɗaki kullum a matse yake ya tashi. Da za a zuba shi a faranti, nan take zai ɓace.

To amma an kulle shi. Kaɗan daga cikinsa ya tafasa, tururin ya cika sararin da ke sama, ya yi ta taruwa har ya danne fuskar ruwan, sauran ya kasa tashi. Shi ke nan an yi canjaras. Na ƙasa yana son tashi, na sama ya hana shi. Haka za su zauna wata da watanni a kan kanta.

Yanzu ku danna.

[Zanen cikin gwangwani yana motsi]

Ƙofa ta buɗe, tururin sama ya tura ruwan ƙasa, ya bi ta bututu ya fita. Ruwa ya ragu, sarari ya ƙaru, matsi ya ɗan sauka. Da ma abin da butan ɗin ƙasa yake jira ke nan. Sai wani kaɗan ya sake tafasa, ya cike gurbin, matsi ya koma inda yake. Ku sake dannawa, ya sake cikewa. Bari mu maimaita hoton, don nan ne zancen yake: muddin da sauran ɗigon gas mai ruwa a ciki, ƙarfin feshin ranar farko da na ranar ƙarshe kusan ɗaya ne. Yawan gas ɗin ba ya ƙara matsi, ƙarancinsa ba ya rage shi. Abu biyu ne ke yanke hukunci, irin gas ɗin da kuma zafin wurin. Shi ya sa masu haɗawa ke gauraya butan da wani gas mai suna furofan, wanda shi tun a digiri 42 ƙasa da sifili yake tafasa, su daidaita ƙarfin yadda suke so. Galibi matsin ya kai na tayar mota, a wasu ma ya ninka.

Ku kwatanta da balan-balan. Da kun sake bakinsa, da ƙarfi yake farawa, ya ƙare a laƙwas. Da iska zalla aka cusa wa gwangwanin turarenku, haka zai yi: makon farko feshi, makon ƙarshe dalala.

Aikin gas ɗin bai ƙare a turawa ba. A cakuɗe yake da turaren, tare suke hawa bututu. Da sun leƙo waje, babu mai danne shi, sai ya tashi a take, ya kumbura fiye da sau 200, ya tarwatsa kowane ɗigo zuwa ƙanana masu yawo a iska. Wannan hazon mai laushi da kuke gani a hasken fitila, aikinsa ne. Sanyin da kuke ji a fata ma shi ne, domin duk abin da zai tafasa sai ya ari zafi daga maƙwabcinsa. Ku daɗe kuna fesawa ku taɓa jikin gwangwanin, za ku ji ya yi sanyi.

[A koma hoton kofi da ɗan ruwa a ciki]

Mu dawo kan mutuminmu. Ruwan da ya ji yana motsi kafin ya huda, turare ne da gas a haɗe, kuma adadin da aka rubuta a jikin gwangwanin ya haɗa da su duka. Da ƙusa ta shiga, gas ɗin ya tafasa gaba ɗaya, ya wuce ta gaban hancinsa. Abin da ya biya kuɗinsa shi ya sa shi tari. Amma ba zan hana shi gaskiyarsa ba: a wasu turarukan hammata gas ɗin ya fi rabin abin da ke ciki, nesa ba kusa ba. A kumfan aski kuwa ɗan kaɗan ne. In mutum ya ce ya fi son kwalba mai famfo don kada ya sayi gas, ni ba ni da ja. Sai dai ya san ba zai samu hazon nan ba.

Wani abu da wannan ya warware: gwangwanin da ke da ruwa a ciki amma ya ƙi fesawa. Sau da yawa an yi ta fesa shi ne a kife. In kun juya shi, bakin bututun yana komawa cikin tururi, gas zalla ke fita, turare yana zaune. Masu fenti suna yin haka da gangan, na daƙiƙa biyu ko uku bayan sun gama aiki, don su wanke kan feshin. Ƙwal-ƙwal ɗin da ake ji a gwangwaninsu kuma 'yar ƙwallo ce aka saka ta motsa fentin da ya kwanta.

Saura sararin sama, wanda ake cewa na cuta ne. Ruwa in ya ji zafi kumbura yake yi, kuma ba ya matsuwa. A cika gwangwani maƙil a bar shi a mota cikin rana, ruwan ba shi da wurin zuwa sai ya yaga ƙarfen. Dokar Tarayyar Turai ta ce a digiri 50, kada ruwan ya wuce kashi 90 cikin ɗari na cikin gwangwanin. Ku juya bayan wanda aka yi don kasuwar can, za ku iya ganin lamba biyu: 150 ml, kusa da ita kuma 210 a cikin ɗan akwati. Ta farko abin da aka zuba ne, ta biyu girman gwangwanin.

[Gwangwanaye suna ratsa dogon kwamin ruwan zafi]

Wannan wankan da suke yi jarrabawa ce. Ruwan yana da zafin da ya kai digiri 50, gwangwanaye su yi 'yan mintoci a ciki, wanda ya fitar da kumfa yana yoyo, a cire shi. Ku lura da gindinsu, a lotse yake ciki. Siffar tana sa siririn ƙarfe ya jure matsi, tana kuma tara ragowar ruwa a gefe, inda bakin bututu zai same shi. In kun taɓa ganin gwangwanin da gindinsa ya bullo waje har ya kasa tsayuwa, ya sha zafin da ya fi ƙarfinsa, ku nisanta shi da jama'a.

[Tsofaffin hotuna marasa launi]

A nan hotunan motsi sun ƙare mana, sai ku yi haƙuri da waɗannan. Erik Rotheim, injiniya ɗan ƙasar Norway, shi ya samu takardar mallakar fasahar a ƙarshen shekarun 1920. Ba ta yi kasuwa ba sai da yaƙin duniya na biyu ya zo: a 1941 Lyle Goodhue da William Sullivan na ma'aikatar noma ta Amurka suka haɗa ƙaramar tukunyar feshin maganin sauro, sojoji suka tafi da ita fagen daga a yankin Fasifik saboda zazzaɓin cizon sauro. A 1949 Robert Abplanalp ya fito da bawul mai araha da inji zai iya dannewa a kan gwangwani, daga nan abin ya shiga gidaje. Gas ɗin wancan zamani shi ne CFC, ba ya kama wuta, kowa na yabonsa, har 1974 da Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna yana cin lemar ozon da ke kare mu daga illar hasken rana. Amurka ta hana shi a yawancin kayan feshi a 1978, yarjejeniyar Montreal ta ƙasashen duniya kan kare lemar ozon ta biyo baya a 1987. Butan ya gaje shi, shi ya sa kuke ganin alamar wuta a jikin gwangwani. Har gobe akwai masu zargin turarensu da huda ozon, alhali an sauya gas ɗin tun kafin a haifi wasunsu.

[Gwangwani biyu, babba da ƙarami]

Su ma masu ƙira sun san gas ɗin ya yi yawa. A 2013 kamfanin Unilever ya fito da turaren hammata a Birtaniya mai 75 ml a madadin 150 ml. Aka sake fasalin bawul, aka rage gas da rabi, kamfanin ya ce ƙaramin zai daɗe kamar babban. Aikin da ya rage shi ne shawo kan mai saye, wanda idonsa ya saba auna kaya da girma. Na tabbata da mai ƙusa ya gan shi, cewa zai yi an ƙara cutarsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne wannan da muka yanka muku. Jaka ce a ciki, an manne bakinta da bawul. Kayan suna cikin jakar, iska ko naitirojin tana kewaye da ita tana matsa ta, kamar hannu a kan man goge baki. Gas da kaya ba sa haɗuwa, ana fesawa a tsaye ko a kife, kuma kusan babu abin da ke saura. Shi ya sa ake son sa a kayan magani, irin ruwan wanke ciwo da na hanci. Illarsa ita ce ta balan-balan ɗin ɗazu, ƙarfin yana ɗan raguwa in an kusa ƙarshe, kuma feshin bai kai na butan laushi ba.

A gefe guda ana ta rage kaurin bangon alminiyam, ana kuma gwada na roba irin ta gorar ruwa. Wannan na hannuna na roba ne, ana ganin cikinsa. Ku matso da kyamara. Ga ruwan, ga sararin sama, ga bututu. Bari in danna, ku zuba ido a kan fuskar ruwan.